Tsayuwar Malam Mijinyawa

Shekarar da Turawa suka kafa sikelin gyaɗa a Karaye, Malam Mijinyawa ya cika shekara talatin yana limanci a wani ƙauye kusa da Beli. Bayansa ya daɗe da fara tanƙwarewa. Tun yana cewa gajiya ce, har doro ya fito ɓaro-ɓaro a tsakanin kafaɗunsa. In zai dubi fuskar mutum sai ya miƙo wuya kamar kunkuru, wuyan kuwa ya yi ta zugi har cikin ƙeya.

Matarsa Turai ce kaɗai ta san azabar da yake sha. Ita ke gasa masa bayan da tsumma da ruwan zafi, ta bi da man kaɗanya. Ƙaho ma a ƙuryar ɗaki wanzami ke yi masa, wai kada a gani. Malam fa akwai son a ce lafiyarsa lau, ko sanda ya ƙi riƙewa. Tsoronsa ɗaya ne, kada a ce ya gaza a ba wani limancin.

Wata Talata lokacin cirar gyaɗa, kowa yana gona, ya tayar da Azahar shi kaɗai. Sai ga wani baƙo, Ɗantala mai sayen gyaɗa daga Karaye, ya shigo da sauri ya tsaya a damansa. Ganin liman a sunkuye, ya ɗauka ruku'u ake yi, ya yi kabbara ya kama gwiwa. Malam kuwa ko Fatiha bai gama ba. Ya karance sura, yana ganin bawan Allah a duƙe ta gefen ido. Da ya yi kabbarar ruku'u, baƙo ya zube sujada.

Bayan sallama Ɗantala ya ce, "Allah gafarta Malam, ni fa na rikice. Raka'a nawa na samu?"

Ba da izgili ya yi tambayar ba, kuma hakan ya fi yi wa Malam ciwo. Kunya ta rufe shi. Ya ce masa ya sake sallarsa.

Kafin La'asar ya sami Ilu ladan a gindin rijiyar masallaci. Bayan sun gaisa ya ce, "Ilu, tsakaninka da Allah, kuna bambance tsayuwata da ruku'una?"

Ilu ya daɗe yana juya buta. "Ai mu kunne muke bi, Malam. Tun bara waccan dattawa suka ce kowa ya kafa ido a ƙasa ya saurari kabbara. Suka kuma ce kada wanda ya gaya maka."

Ashe shekara biyu yana ɓoye abin da gari duka ke taya shi ɓoyewa. Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Da aka tayar da iƙama, mutane suka dare masa hanya kamar kullum. Bai wuce gaba ba. Ya lallaɓa ƙarshen sahu, ya zauna jikin bango.

"Ilu, shiga gaba."

Babu wanda ya juyo ya dube shi. A zaune ya yi raka'a huɗun, kuma tun kafin a kai ta biyu zugin wuyan ya lafa, abin da bai taɓa yi masa a salla ba cikin shekarun nan. Jin daɗin da ya ji, shi ma kunya ya ba shi.