Ranar da Aka Buɗe Shagon Tela

Duk wanda ya san Tela ya san ba ya kai kuka. Ko zazzaɓi ya kayar da shi, ka ce masa yaya jiki, sai ya ce da sauƙi, ya ɗora da tambayar mutanen gidanka. Wannan halin ne ya sa ake ganin girmansa, shi ne kuma ya kusa kai shi ya baro.

Babbar mota ce ta kwashe shi a kan babur yana dawowa daga sayen zare. Ya farka a asibiti, daga ƙugu zuwa ƙasa babu abin da ke motsi. Da kamfanin inshorar motar ya turo wakilinsa, Tela ya sa aka gyara masa hula, ya washe baki, ya ce jiki sai godiya. Bawan Allah ya rubuta abinsa. Ba a jima ba kamfani ya ce tunda hannuwa lafiya lau suke, tela kuwa da hannu yake ɗinki, to sana'arsa tana nan. Abin da suka ce za su bayar ko asibiti ba zai sallama ba, balle ya ɗauki mai jinya.

'Yarsa ta fari ce ta nemo lauya, wata 'yar siririya mai saurin magana, wadda ba ta iya kwana-kwana ba.

"Baba, ba ƙarya nake so ka yi ba," in ji lauyar. "Gaskiyar ce kawai ka ƙi faɗi."

"Ɗiyata, in na yi kuka ƙafa za ta dawo?"

"Ba za ta dawo ba. Amma Mama ce ke ɗaga ka safe da yamma. In aka rufe maganar nan a haka, bayanta ne zai biya."

Tela ya yi tsaki ya juya wa bango fuska. Lauya ba ta fasa ba. Ta matsa wa kamfani lamba har ya yarda wakilinsa da likitansa su zo su ga Tela a gaban keken ɗinkinsa kafin a yanke magana.

Shagon a jikin gidan yake, kuma tun ranar hatsarin ba a buɗe shi ba. Ranar da suka zo, da 'yarsa ta tura shi ciki a keken guragu, ƙamshin man keke da sabon yadi ya dake shi, zuciyarsa ta karye. Ga almakashi rataye a ƙusarsa, ga guntun alli, ga rigar wani da ya bari babu hannu ɗaya. A nan ya ƙarar da ƙuruciyarsa. Da ƙarar keken nan gidan ke tashi, in ta tsaya kuwa matarsa ta san lokacin kai masa shayi ya yi. A ƙarƙashin teburin nan 'ya'yansa suka yi rarrafe, suna tsintar ƙyallaye suna yi wa 'yar tsana zane. A kan bencin can abokansa ke zama su yi ta musun ƙwallo, shi ko ƙafafunsa na aiki, bakinsa na aiki, bai taɓa karkata layi ba. Sau nawa aka ce masa ya sayi na lantarki, ya ce shi ba ya ɗinki da keken da ke jiran a kawo wuta. Wallahi ya yi kewar wancan mutumin.

Aka ɗaga shi aka ɗora a kujerarsa, aka jera masa ƙafafu a kan abin takawa. Hannuwansa ba su jira umarni ba. Suka zura zare a allura, suka daidaita hannun rigar nan, na dama ya murza kan keken. Allura ta sauka sau ɗaya, ta tsaya.

Shago ya yi tsit. Likita ya duƙar da kai, wakili ya gyara murya.

"Baba, yaya kake ji?"

Tela ya buɗe baki, amsarsa ta kullum har ta kawo bakin harshe. Sai matarsa, wadda ke tsaye a bakin ƙofa, ta kasa jurewa. Ba ta iya ganin an kunyata shi gaban baƙi. Ta dafa tebur ta durƙusa da ƙyar, ta kama abin takawa da hannu biyu ta shiga dannawa. Keke ya ɗauka. Tsohuwar ƙarar nan ta cika shagon, har wata maƙwabciya ta leƙo da murnarta.

Lauya ta ciji leɓe, don ta ga aikinta na neman rushewa.

Tela ya kai layin ƙarshensa, miƙe sarai kamar yadda ya saba. Sannan ya dubi ƙasa. Ya ga furfurar da ta leƙo ta gefen ɗankwalinta, ya ga ƙafafunsa suna hawa da sauka a kan hannuwanta, shi ko bai ji komai ba. Ya ga yadda take cije baki saboda baya.

"Ya isa, Maman yara. Tashi."

"Bari ka gama ɗaya gefen mana, Malam."

"Na ce ki tashi. Tun da na aure ki ban taɓa durƙusar da ke ba."

'Yarsu ta kama ta ta miƙar. Tela ya datse zaren da haƙori, ya ninke rigar, ya dubi wakili ido cikin ido.

"Yaro, ka tambaye ni yaya nake ji. Ɗauki bironka. Babu sauƙi. Ba na iya taka keke, ba na iya juyawa a gado, ba na iya zagayawa sai matar nan ta ɗauke ni. Rubuta duka, kada ka rage."

Wakili ya yi ta rubutu har ya juya shafi. Lauya ta ce kuma a rubuta mai jinya, ya ɗaga kai alamar ya ji.

Da za su fita, 'yarsa ta ɗauko kwado za ta kulle shagon. Tela ya ce ta bar shi a buɗe, ta dai lulluɓe masa keken ɗinkin.