Abin da Ke Zuwa Bayan "Ni Kai"

Ni ba na iya jira. Rashin haƙurin nan ne ya fitar da ni daga makaranta, ya ɗora ni kan babur ina kai saƙonni.

A kan hanyata akwai shagon wani mai gyaran agogo, baƙo daga nesa, da 'yarsa mai riƙe masa kwalin ƙananan sukurori. Hausarta a juye take. Ba ta cewa "na sha ruwa", sai "ni ruwa sha".

Na ce mata, "Ke maganarki da baya take tafiya, kamar mai fitar da mota daga lungu."

Ta yi dariya. "Kai, Sarkin Gaggawa, haƙuri koya."

Babanta, wanda bakinsa ya fi nata faɗawa, ya ce, "A yarenmu kalmar aiki ce ke zuwa ƙarshe, yaro. Sai mutum ya dire za ka san bayarwa zai yi ko karɓewa."

Ban koya ba. In ta fara, "Ni gobe kasuwa..." sai in cafke, "Za ki je, na sani." Ta harare ni: "Ba zuwa!"

Ranar da za ta koma gida jinyar mahaifiyarta, ta fito bakin shago da jakarta. Ina kan babur, inji a kunne, mai saƙo yana ta kirana. Ta dafa madubin babur ɗin.

"Ni kai..." Ta tsaya tana laluben kalmar.

"Na sani, na sani. Sai kin dawo!" Na murza na wuce.

Sai a mararraba na gane ban san komai ba. Kafin in juyo, motar da ta shiga ta tashi. Wayarta kuma har yau ba ta shiga.

Na tambayi babanta, "Baba, me ke zuwa bayan 'ni kai'?"

Bai ɗago daga agogon hannunsa ba. "Komai ma. Jira. So. Mantawa."

"Nata wanne ne?"

"Ba a ƙarasa wa mutum magana."

Yanzu kullum da yamma nakan kashe babur a ƙofar shagon, in zauna kan benci ƙarƙashin agogunan bango, kowanne da nasa lokacin. Jiya Baba ya ce, "Yarinyar, in uwarta ta samu sauƙi, ita nan..." Sai wani sukuri ya suɓuce masa, ya sunkuya nema.

Na zauna ina jira ya ƙarasa.