Bulala Ɗari

Shekara biyu na yi a London ina rubuta kundin digirina na biyu a kan dokar laifuka ta tsohuwar Koriya, zamanin sarakunan Joseon. Mutanen gidanmu na unguwar Tottenham sun sha yi mini dariya. Wai duk dokokin duniya na rasa wadda zan karanta sai ta matattun Koriyawa.

Babi ɗaya ne ya taɓa burge Umma, mahaifiyarmu. Tana tuƙa tuwo nake ba ta labarin cewa a can da, idan ɗan uwanka ya yi laifi ka ɓoye shi, hukuma ba za ta taɓa ka ba. Amma ƙanwar da ta tona asirin yayanta, ko gaskiya ta faɗa, bulala ɗari ce hukuncinta. Umma ta ajiye muciya ta ce, "Waɗannan mutane sun san zumunci." Ni kuwa da rawar kai na ce mata ci baya ne, dokar zamani ba ta san yaya ko ƙani ba, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Haka na rubuta, malamaina suka yaba.

Wata Asabar da la'asar yayana Uwaisu ya buga mini ƙofa a unguwar Deptford, inda nake zaune, yana haki. Yana tuƙi yana duba waya, ya banke wani tsoho a wurin tsallaka titi kusa da kasuwa, ya gudu, ya yar da motar a wani lungu.

"Saudatu, na yi reporting cewa an sace motar," in ji shi. "Idan police suka zo, ki ce tun azahar ina flat ɗinki. That's all."

Na san tsohon. Baba Sualihu ne, ɗan Gana, wanda nake sayen doya a wurinsa, kullum sai ya ƙara mini tattasai kyauta. Ƙugunsa ya karye, har yau a keken guragu yake.

Da 'yan sanda suka zo, kalma uku kawai ake nema a bakina: yana nan wurina. Na kasa. Ba zan yi ƙaryar jarumta ba, rabin abin tausayin tsoho ne, rabi tsoron kada a hana ni zama lauya har abada. Na faɗi lokacin da ya shigo da abin da ya roƙe ni. Na maimaita a kotu, yana kallona. Aka ɗaure shi shekara biyu da rabi, alƙali har da gode mini, kamar godiyarsa za ta dafa mini tuwo.

Tun ranar Umma ta daina ɗaukar wayata. Ba zagi, ba tsinuwa, da ma ta yi su da na samu sauƙi. Sallah ta zo ta wuce, ko naman miya ba a aiko mini ba. Ƙannen Umma da ke cika baki da "ɗiyarmu lauya" suka koma kau da kai a masallaci. Abin ya ci mini rai ƙwarai. Shi da ya nakasa bawan Allah ana kai masa ziyara duk wata da sabbin kaya, ni da na faɗi gaskiya na zama mujiya.

Bayan wata bakwai na haƙura na hau jirgin ƙasa zuwa Tottenham. Umma ta buɗe ƙofa rabi, ta tsaya a bakinta. Ƙamshin miyar kuka ya bugo ni daga kicin.

Na durƙusa a kan matakala, ban damu da masu wucewa ba. Na ce, "Umma, kin tuna Koriyawan nan? Bulala ɗari suke yi, a ƙirga, a gama, yarinya ta koma gida. Don Allah ki yi mini ɗarin, a wuce wurin."

Ta dube ni tun daga sama har ƙasa, muryarta a sanyaye.

"A'a, Barista. Nan London ne, ba a dukan yara. Ai ke kin fi ni sanin doka."

Ta tura ƙofar a hankali, na ji ta sa sakata.