Kwandalar Lasmini

Darmaji na cusa kayansa a leda nas ta miƙo masa takardar sallama. Kwana goma sha tara ya yi a wannan asibiti na Semarang, a gabansa aka fitar da mutum huɗu a lulluɓe. Shi kam ya tashi, amma ko kallon takardar bai yi ba.

"Matata fa? Lasmini. Tana hawa na uku."

"Pak, ba a shiga can," in ji nas ɗin, tana kiransa da laƙabin girmamawa.

"Ni da na riga na yi ciwon? Me kuma ya rage ya kama ni?"

"Doka ce, Pak. Je ka gida ka huta, za mu kira ka."

Bai tafi ba. Ya sami benci a tsakar asibitin ya zauna, yana haki kamar wanda ya yi dako, idonsa a kan tagogin hawa na uku.

Ranar da ya dawo daga acaɓa da zazzaɓi da tari, Lasmini ko gezau ba ta yi ba.

"Iska ce ta shige ka, Mas. Kullum ina cewa ka sa rigar sanyi, amma kunnen ƙashi gare ka." Mas take ce masa, yadda matan can ke kiran mazajensu.

Ta kwantar da shi rub da ciki, ta shafa masa man kwakwa, ta ɗauko tsohuwar kwandalar da ta gada wurin uwarta, ta shiga kankare masa baya layi-layi har fatar ta yi ja wur. Haka kowa ke yi a unguwar tun kaka da kakanni. Yana tari tana sunkuye a kansa, tana yi masa dariya.

"Ƙato da kai kana raki! Ka ga jan nan? Iskar ce ke fita."

Kuma ya ji daɗin abin. Shi da bakinsa ya roƙe ta ta sake yi masa washegari, da ranar da ta biyo. Daga nan ita ma ta fara tari. Wannan ne ke cin sa a rai, ya fi ciwon zafi.

Bayan la'asar wayarsa ta yi ƙara. Muryar nas ɗin ce, ta yi sanyi.

Ba a bar shi ya ga fuskarta ba. Akwati ne naɗe da leda, wasu masu fararen kaya suka zura shi a rami, shi yana tsaye can nesa bayan igiya. Shekara ashirin da biyu da aure, amma a ƙarshe ko hannunta bai samu ya riƙe ba.

Da ya iso gida, maƙwabciyarsu Bu Warsiti ta rataya masa ƙunshin shinkafa a ƙofa, ta ja baya ta tsaya, baki a rufe da ƙyalle, tana share hawaye.

"Allah ya ji ƙanta. Duk unguwar nan babu mai hannun Lasmini wajen kankara. Ga shi kuwa ta tashe ka, Mas Darmaji."

Ya gyaɗa kai, ya shige.

Kwandalar na nan cikin ɗan faranti a gefen gado, man ya daskare a kanta. Tari ya sarƙe shi. Ya tuɓe riga, ya ɗauki kwandalar, ya lanƙwasa hannu zuwa tsakiyar bayansa inda Lasmini takan fara. Hannun bai kai ba.