Kwat ɗin Baba Maigadi

A daidai falwaya ta uku Sajan ya turje. Ya kafe ƙafafunsa uku a ƙasa, ta huɗun mai kumburi tana lilo, ya zuba wa ƙofar asibitin dabbobi ido daga nesa, jikinsa sai ɓari yake. Mai Wanki ya ja igiya, ya lallasa, ya nuna masa guntun nama. Ko kallon naman bai yi ba.

"Jiya fa har bakin ƙofa muka je," in ji Mai Wanki. "Yau kuma me na yi maka?"

Haka suka juyo gida.

Karen ba nasa ba ne. Na Baba Maigadi ne, maƙwabcinsa na ɗakin sama, wanda ya shekara talatin yana gadin wani sito kafin ƙafafunsa su ƙi ɗaukarsa. Wata biyu ke nan rabonsa da sauko matakalar nan goma sha bakwai. Daga shi sai gado, sai taga ɗaya mai ƙarafuna da ke kallon bangon wani gida, sai Sajan a ƙarƙashin gadon. Likitar dabbobi ta taɓa hawowa, ta ce tsinin waya ne ya karye a tafin karen, sai an tsaga a asibiti, in kuwa aka daɗe ƙafar za ta ruɓe. To amma tun yana kwikwiyo ƙarti uku suka taɓa danne shi a kan teburin wurin don allura. Tun daga nan, warin asibitin kaɗai ya isa ya sa shi fitsari.

Baba ne ya tsara dabarar daga kwance. "Ba a jan kare, ɗana. Kullum ka ƙara taku goma, ka ba shi nama, ku juyo. Kuma ka sa kwat ɗina. Muddin yana jin warina, zai bi ka." Kwana goma sha biyu suna haka, shi Mai Wanki da bai taɓa riƙe igiyar kare ba a rayuwarsa.

Da suka hau, Baba ya ɗago kai daga matashi.

"Ina kuka kai?"

"Falwaya ta uku, Baba."

"Ta uku? Da baya kuke tafiya yanzu? Matso nan."

Ya kamo gefen kwat ɗin, ya kai hanci. Ya sake shinshinawa.

"Sarkin Sabulu, me ka yi wa kwat ɗina?"

Mai Wanki ya sosa ƙeya. "Baba, wuyan ne ya yi maiƙo har yana ƙyalli. Ni kuma ka san hannuna ba ya ganin datti ya haƙura. Jiya na jiƙa shi, na cuɗa, na buga masa guga."

"Shekara ashirin ina tara warin nan, ka zubar min da shi a kwata rana ɗaya."

Ya fara dariya, dariyar ta koma tari, sai da Mai Wanki ya tallafe shi. Da numfashinsa ya dawo, ya ce, "Cire ka sa min. Ka rufe tagar nan."

"A wannan zafin?"

"Kai ka kwashe, ni zan mayar."

Da la'asar 'yar Baba ta zo daga makarantar da take koyarwa, ta tarar da ɗaki a rufe ruf, uban kwance cikin kwat mai kauri, an ɓalla maɓallai har wuya, gumi na gangarowa cikin kunnensa.

"Baba, mene ne haka?"

"Aiki nake."

"Wata biyu ina roƙonka a sauko da kai a kai ka asibiti, ka ƙi. Yanzu a kan kare za ka dafa kanka? Kai da shi ai duk kanwar ja ce."

"Shi in an tsaga zai tashi, uwata. Ni fa?"

Ta juya ga Mai Wanki. "Yaya, kai ma ka biye masa?"

Mai Wanki ya sunkuya ya matsa wa Sajan kwanon ruwa.

Kwana uku ɗakin nan a rufe. Mai Wanki kan bar kayan mutane a jiƙe ya hau, ya zauna a kujerar ƙarfe, yana fifita da kwali har Baba ya ce ya daina, yana ɓata masa aiki. Iska ba ta shiga, ba ta fita. A ƙarƙashin gado Sajan na lasar ƙafar da ta fara wari. In ya cire kwat ɗin, kare ya rasa ƙafa. In ya bar shi, tsoho na narkewa a gabansa. Sai ya zauna yana kallon hannayensa da sabulu ya cinye.

"Baba, ya isa haka mana."

"Bai nuna ba tukuna."

A rana ta uku muryar ta yi ƙasa sosai, sai da ya sunkuya ya ji. "Gobe da safe ka zo ka ɗauka. In kun shiga, ka shimfiɗa masa a tebur. Kar ka bari kowa ya danne shi. Kuma Sarkin Sabulu..."

"Na'am, Baba."

"Ka ɗaure hannun nan naka, kar ya sake kai shi bokiti."

Da safe ya tarar da 'yar zaune a matakala ta ƙarshe, takalminta a hannu. Ta ce Baba ya cika kafin asuba. A cikin ɗaki an buɗe taga. Kwat ɗin na kan kujerar ƙarfe, a ninke, ninkin Baba da kansa, a karkace. Ta ce haka ta sami kwat ɗin.

Washegarin da aka kai Baba makwancinsa, Mai Wanki ya zura kwat ɗin. Da danshi a wuyansa har yanzu. Sajan ya fito daga ƙarƙashin gado, ya cusa hanci a aljihu, ya bi shi yana ɗingishi. A falwaya ta uku ya tsaya. Mai Wanki bai ja ba. Ya tsuguna a gefen titi, motoci na wucewa, har karen ya ɗaga ƙafa da kansa.

Likita ta miƙe da ta gan su a ƙofa. Ma'aikata biyu suka taso suna naɗe hannun riga.

"A'a, ku bari," in ji Mai Wanki. "Mai shi ya ce kar a danne shi."

Ya shimfiɗa kwat ɗin a tebur, ya ɗaga karen ya ɗora. Jikin na rawa, amma bai yi ƙara ba. Ya tura hancinsa cikin wuyan kwat ɗin har allurar ta ɗauke shi.

A shagon wanki akwai ƙusa a bayan ƙofa, nesa da bokitai da igiyar shanya. Nan kwat ɗin yake rataye. Da rana, in dutsen guga ya yi zafi, Sajan kan kwanta a ƙarƙashinsa, farin bandeji a ƙafa, hannun kwat ɗin ɗaya na taɓa kunnensa.