Bokitin Baba Zacharia

"Sake faɗa," in ji Baba Zacharia. "Ba ni kike gaya wa ba. Mutum uku ne a gabanki, ɗaya ma waya yake dubawa."

Dibora ta gyara tsayuwa a tsakar gidan hayarsu, ta mayar da hannu baya kamar 'yar firamare. "Sunana Dibora Zira. Shekara tara ina sayar da wake da gyaɗa a kasuwa. Ina so in koyi..."

"Me ya faɗi a ƙasa kike nema? Ɗago kai."

Tari ya sarƙe shi. Ta tallabe masa baya har ya lafa.

Shekara ashirin da biyu Baba yana masinja a wata makarantar koyon kasuwanci da ke bayan tasha. Aikinsa kai takardu ofis-ofis. Amma ranar intabiyun masu neman shiga, kowa ya san inda za a same shi: bakin ƙofa, da bokitin ruwa da tsumma biyu. A tsakiyar damina ake intabiyun, kuma masu zuwa daga Duvu da Kolere sukan iso da laka har idon sawu. Baba ba ya barin kowa ya wuce haka. Zai zaunar da kai a benci ya miƙo tsumma. In ya ga ka rikice, ya durƙusa ya goge maka da kansa, yana tambayar sunanka har ya zauna masa a baki.

"Na ciki takalmi suke fara gani," yakan ce. "Ba mugunta ba ce. Ido ne."

Bara Dibora ta kai har bakin ƙofar nan. Ta ga 'yan mata da fayil masu ƙyalli suna zuba Turanci, sai ta ce wa Baba bari ta sayo biro. Ba ta koma ba. A gida ɗakinsa na kallon nata ne. Washegari da safe ta tarar da sabon biro a bakin ƙofarta.

Bana ta sake cika fom. Sau ɗaya ake intabiyun a shekara, kuma gobe ne, ƙarfe tara. Baba kuwa mako uku ke nan yana kwance, asibiti sun ce ya koma gida ya huta. 'Yarsa Dorcas tana Yola, ta ce za ta biyo motar farko.

"Ba zan je ba, Baba. Wa zai dama maka kunu?"

"Hajja ta mutu ne?"

Daga bayan labulen ɗakin ƙarshe Hajja Rukayyat ta ɗaga murya. "Ina jin ka, tsoho! Sha maganinka ka bar ni da raina."

Baba ya yi dariya mara sauti. "Kin ji ko. Biro kuma kina da shi. Bana sai ki nemi wata ƙarya."

Ruwa ya sauko da asuba. Ƙarfe bakwai Dibora ta shiga ɗakinsa da kofin kunu. Ta ga rigarsa ta kaki a rataye a kujera, takalmansa a jere a ƙarƙashin gado, ya goge su tas. Ta yi gaisuwa sau biyu. Da ta taɓa hannunsa sai ta ajiye kofin a ƙasa a hankali, ta zauna kusa da shi.

Kafin takwas matan zumunta na coci sun fara shigowa, suna ajiye lema a zaure. Wata ta ɗauko waƙa ƙasa-ƙasa. Dibora na jingine da bango, ba ta kuka, ba ta waƙa. Can cikin ranta ta ji wani ɗan sanyi, wai yanzu ba wanda zai ga laifinta in ta zauna. Kunyar wannan sanyin ta fi mutuwar ma yi mata nauyi.

Hajja ta tsaya a kanta riƙe da fayil ɗinta. "Tashi, 'yata."

"Hajja, gawa fa na ɗaki. Me mutane za su ce?"

"Ni ce mutane. Na aika a kira fasto, Dorcas na hanya. Ke me za ki yi a nan? Tashe shi za ki yi?"

Keke napep ɗin da ta hau ya maƙale kafin tasha, ta ƙarasa da ƙafa. Tara saura minti goma ta iso ƙofar makarantar, laka har gefen zane. Maigadi Philemon na riƙe da takardar sunaye, yana cewa, "Suna? Wuce ka zauna." A kan benci wani magidanci ya tura ƙafafunsa can ƙarƙashi. Wata mata tana goga takalminta da ganyen mangwaro, laka sai ƙara shafewa take yi.

A tsallaken titi mai sayar da biro ya buɗe tebur. Dibora ta daɗe tana kallon sa.

"Malam Philemon," ta ce, "bokitin Baba na nan?"

"Yana ɗakin gadi. Yaya jikin nasa?"

"Ya tafi da safen nan."

Philemon ya cire hula. Ya ajiye takardar ya je famfo da kansa.

Da ruwan ya iso Dibora ta miƙa musu tsumma. Magidancin ya karɓa ya yi godiya ba tare da ya ɗago ba. Matar kuwa tsumman ya suɓuce mata ya faɗi. Dibora ta durƙusa ta kama takalmin.

"Sunanki?"

"Dorathy. Daga Duvu. Tun biyar na fito, Anti, mashin ya kayar da mu a mayo, wajen tsallake ruwa."

"Dorathy. In kin shiga kar ki kalli ƙasa."

Daga baranda aka ƙwala kira. "Lamba huɗu, Dibora Zira!"

Ta miƙe. Sai a lokacin ta ga nata takalman, jajur da laka, ba ta taɓa su ba. An sake kiran sunan.

"Tsaya, Anti." Dorathy ta riga ta sauko daga benci da tsumma a hannu. Ta goge na dama, ta goge na hagu, ta matse gefen zanen. "To, je ki."

A bakin ɗakin intabiyun Dibora ta waiwaya sau ɗaya. Philemon ya shanya tsumma ɗaya a kan wayar shinge, yana ɗiga. Wani tsoho da ya rako 'yarsa ya zaunar da ita a benci, ya jawo bokitin kusa da ƙafarta.

Dibora ta ɗago kai, ta ƙwanƙwasa.