Rabin Kwanon Jummai

Zinatu na tsaka da tunanin ko dambu ne a kwanonta yau ko taliya, sai ta ji Madam Ramatu ta ce, "Irin wannan yarinyar ba za ta ce miki ba ta ci ba. Tare za ku zauna, hannunta na cikin kwano, amma turo miki take yi."

Zinatu ta ɗago kai.

Madam Ramatu ma'aikaciyar jinya ce da aka turo makarantarsu ta koyar da agajin gaggawa. Kowa ya ɗauka ɗaure rauni kawai za a yi, tunda bana ba a maganar komai a Arlit sai nakiya a hanyar Agadas. Ta koyar da shi kuwa. Daga nan ta ce akwai ciwon da ba ya jini, wanda ke sa mutum ya riƙa gudun abinci har jiki ya gaza.

"Madam, a garin nan wa ke gudun abinci?" in ji wata daga baya. "Tumatir ma sai ya jira rakiyar soja kafin ya iso!"

Aji ya kwashe da dariya, ban da Zinatu. Wata da watanni ke nan suna cin kwano ɗaya da Jummai, ƙawarta ta ɗaya ajin, kuma kullum ɓangaren Zinatu sai ya yi ta ƙaruwa ana ci. Ita kuwa, baiwar Allah, ta ɗauka dace ta yi da ƙawa. Zanenta na ƙara matse ta, awarwaron Jummai na zamewa har gwiwar hannu. Wayyo, ashe ita ce rumbun da ake ɓoye abincin!

"Kada ki ce ta rame, kada ki ce ta yi kyau," in ji Madam. "Kada ki ɗura mata. Ki samu inda ba kowa, ki faɗi abin da idonki ya gani, sannan ki kama bakinki ki saurara. Ke ba likita ba ce. Naki ki rako ta wurinmu."

To fa. Zinatu 'yar mai abinci ce, Innarta ke ciyar da leburorin sabuwar ma'adana, kuma a gidansu in baƙo ya ce ya ƙoshi, faɗa ne. Kama baki kuwa, ko a barci ba ta iya ba.

Da aka fita hutu ta ja Jummai bayan aji, inda inuwar katanga take. Dambun zogale ne, ya sha man gyaɗa. Suka yi bismilla. Jummai na hira tana murza dambu da yatsu, tana tura shi a hankali. Zinatu ta cinye iya nata, ta lashe hannu, ta tsaya.

"Ci mana," in ji Jummai.

"Na ƙoshi."

"Ke? Yau rana ta ina ta fito?"

Maganganu suka taso wa Zinatu har wuya: dubi wuyanki, dubi idonki, don Allah ko loma ɗaya. Ta haɗiye su duka da ƙyar.

"Jummai, na daɗe ina ganin ba kya kai hannu baki," ta ce. "Jiya kin dafa bango da muka tashi. Wallahi tsoro nake ji."

"Azumi nake ramawa."

"Hannunki na cikin kwano."

Jummai ta zare hannun, ta juya fuska. Wata babbar mota ta wuce ta bayan katanga, ƙuda ya sauka kan dambu, Zinatu ta danne cinyarta da hannu biyu don kada bakinta ya kuɓuce.

"Duk ranar da Baba ya tafi da mota cikin ayarin soja, wuyana rufewa yake yi," Jummai ta ce can ƙasa. "Da farko ranar tafiyarsa kawai. Yanzu ko yana gida, in na ci sai in ji na yi laifi, sai na je na amayar. Ban san yadda zan daina ba."

Hawaye ya zubo wa Zinatu, ba ta ko share ba.

"Ba zan ci ba fa," in ji Jummai.

"Ban ce ki ci ba. Akwai wata Madam a asibiti da ta san ciwon nan, har suna gare shi. In za ki, ƙafata ƙafarki."

"Za ki bar ni in yi magana da kaina?"

"Zan gwada."

Jummai ta yi 'yar dariya, ta ja hanci. "Gobe, in an tashi."

Da Zinatu ta koma gida, Inna ta buɗe kwano za ta wanke, ta ga rabin dambu kwance. Ta saki salati, ta dafa goshin 'yarta.

"Me ya same ki? Maza ɗauko mayafi mu je asibiti!"

"Gobe za mu je, Inna," in ji Zinatu. "Ni da Jummai."